Dalilin da bunƙasar ba ta isa aljihu ba

Malam, ka tambaya me ya sa ake cewa tattalin arzikin Najeriya yana bunƙasa alhali ba ka gani a aljihunka ba. Dalilin shi ne, tun daga 2015 bunƙasar, a matsakaici, ba ta wuce kashi 3 cikin ɗari a shekara ba, yawan jama'a kuwa yana ƙaruwa da sama da kashi 2, saboda haka rabon kowa kusan yana nan inda yake.

Kafin 2015, lokacin da ɗanyen mai ke da tsada, ana samun kashi 6 zuwa 7, kuma na shaida hakan a shagona na Kantin Kwari, inda 'yan kasuwar Maraɗi ke kwasar atamfa dila-dila. Da tattalin arzikin ya ja baya a 2016, ciniki ya koma turmi ɗaya-ɗaya.