Tambaya da Amsa: Ta Yaya Manoma Za Su Tare Wutar Daji?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni manomi ne a wani ƙauye da ke yankin Ningi. Bara da hunturu wutar daji ta lashe mana dammunan dawa da harawar da ba mu kai ga kwasowa gida ba, muna ji muna gani. Bana kuma ciyawa ta yi yawa. Me ya kamata mu yi kafin wutar ta tashi, kuma idan ta tashi yaya za mu tunkare ta?

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah ya mayar muku da alheri, Malam. Mafi yawan aikin da ke gabanku na lokacin kaka ne, tun ciyawa ba ta gama bushewa ba, domin idan iskar hunturu ta kankama gamba da kyasuwa suka bushe ƙayau, tartsatsi guda ya isa ya tayar da wutar da mutanen gari duka ba za su iya riƙe ta ba.

Ku yi gayya ku share fili mai faɗi kewaye da gonaki da rumbuna da inda kuka jibge kara, a kwashe ciyawar tas har ƙasa ta fito, ko a bi da garmar shanu a kife ta. A fi faɗaɗa sharar ta ɓangaren gabas da arewa, inda iskar take fitowa, kuma kada a tara ciyawar da aka nome a bakin layin, wanda kuskure ne da ake yawan yi. A Jamhuriyar Nijar hukumomi kan ɗauki mutanen karkara aikin buɗe irin waɗannan layuka masu tsawon kilomitoci a wuraren kiwo na jihohin Tawa da Maraɗi da Damagaram. Gona guda da aka share a tsakiyar goma da ba a share ba kariyarta kaɗan ce, shi ya sa na ce gayya.

Wutar kuwa galibi hannun mutum ne yake kunna ta: masu farautar gafiya da zomo, masu ɗiban zuma, mai ƙona sharar gona ya tafi gida, da mai yar da guntun taba. Ya dace mai gari ya zauna da sarkin noma da ardo da shugaban mafarauta a tsayar da ƙa'ida, tun da dokar muhalli ta 2011 da hukumar kare muhalli ta Najeriya, wato NESREA, take kula da ita ta hana ƙona daji ba da izini ba. Wanda ya zama dole ya ƙona shara, ya yi da sassafe ko da yamma lis sa'ad da iska ta kwanta, da mutane a tsaye.

Idan ta riga ta tashi, a yi shela, a kira 'yan kwana-kwana ta lambar 112 inda waya take shiga, a janye yara da dabbobi. Kada kowa ya tare ta ta gaba, inda iska take kora ta, kuma kada a tsaya sama da ita a kan tudu, saboda wuta ta fi gudu idan tana hawa. A bi ta gefe da baya, ana tsaye a inda ya riga ya ƙone, ana dukanta da ɗanyen reshen darbejiya ko jiƙaƙƙen buhun algarara, masu shebur suna watsa ƙasa, mai famfon feshi da aka wanke aka cika da ruwa yana gaban masu dukan yana rage mata kaifi. A guji tufafin roba, domin narkewa suke yi su manne a fata. Tarar wuta da wuta, wato kunna wata wutar don ta cinye ciyawar da ke gaban mai tahowa, dabara ce ta ƙwararru, kuma iska na juyawa sai ta zama gobara ta biyu.

Bayan harshen wutar ya mutu, a bar mutane su zagaya bakin wurin har dare, domin kututture da busasshen kashin shanu sukan riƙe garwashi na sa'o'i da yawa, sai a farfasa su a binne da ƙasa.