Amsa ga sabon ɗalibi kan barin mukafa'a a waya

Wa alaikumus salam Malam, barka da isowa Madina, Allah ya sa an shigo a sa'a. Ka tambaya ko za ka iya sakin jiki ka bar mukafa'arka, wato alawus ɗin da jami'a ke ba ɗalibai duk wata, a manhajar ajiyar kuɗi ta waya irin su urpay da STC Pay, wadda yanzu ta koma banki, ko gara ka cire ka riƙe a aljihu. To ni dai shekarata biyar a Jami'ar Musulunci kuma wallahi sai in yi wata guda ban taɓa riyal na takarda ba. Ka shiga baƙala, wato shagon kayan masarufi, sayen laban (nono) da burodi, mai shago zai ce maka "kash walla shabaka?", wato kuɗi a hannu ko ta kati, ka ce shabaka, ka ɗora waya kan injin ya yi ƙara shikenan, ko na riyal 2 ne ba mai harararka. Katin mada, wato katin banki na ƙasar, da manhajojin nan duk babban bankin Saudiyya ne ke sa musu ido, ni kam ko halala ɗaya, wato kwabon riyal, ba ta taɓa yi min ɓatan dabo ba.

Inda gizo ke saƙar shine lambar sirrin da ake turowa ta tes. Abokin ɗakina a shekararmu ta farko wani ya kira shi bayan la'asar, Larabci tiryan-tiryan, wai daga banki ne sai an sabunta bayanansa ko a rufe asusun yau ɗin nan, shi kuma lokacin muna ma'ahad, wato cibiyar koyon Larabci, Larabcin bai zauna ba, na'am na'am kawai yake, ya karanto masa lambar tsaf. Kafin mu dawo daga magariba a Harami an yashe kuɗin wata biyu da yake tarawa na tsarabar hutu, ranar ko abinci bai iya ci ba bawan Allah. Banki ba ya kira ya nemi lambar nan, haka Nafath, manhajar gwamnati ta tantance mutum a intanet, in buƙata ta shigo ba kai ka nema ba kar ka danna komai.

Sai kuma lokacin Umara da Hajji, za ka ga mutanen gida suna cewa ba ni akawun ɗinka wani zai turo min in karɓa a hannunka. Da kunya kam, amma ka ba su haƙuri, kuɗin da ba ka san tushensu ba in suka jawo bincike kai za a nema.

Ka kula da ranar ƙarewar iƙamarka, wato katin izinin zama, don ana iya tsayar da asusu a kanta, layin wayar ma ya zama da sunanka, in za ka hutu Najeriya kar ka bari ya mutu don ta nan lambar ke zuwa.