Seleniyam da Ƙarfin Ƙashi: Likita Ya Amsa Tambayoyinku

Likita, shekarata 56, al'ada ta ɗauke mini, ga ciwon baya da ƙugu. Maƙwabciyata ta ce in sayi ƙwayar seleniyam, wai tana ƙarfafa ƙashi. In saya?

Hajiya, ki riƙe kuɗinki tukuna. Jiki yana buƙatar wannan sinadari, amma ɗan mitsitsi: maikirogiram (wato kashi ɗaya cikin miliyan na giram) 55 a rana ya ishi baligi. Gaskiya ne an lura masu isasshen seleniyam a jini sukan fi ƙwarin ƙashi. Sai dai da aka gwada abin a Sheffield ta Ingila, aka ba mata 120 da suka daina al'ada ƙwayar ko ta bogi har wata shida, sakamakon da ya fito a 2021 bai nuna wani amfani ga ƙashinsu ba. A shekarunki, raguwar estirojin, wato sinadarin jikin mace da ke ja baya idan al'ada ta ɗauke, ita ce babbar mai cin ƙashi. Ki je asibiti a duba ki, ki riƙa shan nono ko kindirmo, ki riƙa fitowa hantsi, ki kuma riƙa tattaki.

To ina aka samo maganar alaƙarsa da ƙashi?

Daga wasu yankunan Sin da Tibet da Siberiya, inda ƙasar noma ba ta da seleniyam sosai. A can ake samun cutar Kashin-Beck mai lalata guringuntsi da gaɓoɓi tun daga ƙuruciya, har yatsu su kumbura su gajarce. Ko a can ma ana zargin ƙarancin ayodin da fumfunar hatsi suna da hannu.

Wane abinci ne ke ɗauke da shi?

Kifi, hanta, ƙoda, nama da ƙwai. Ƙwai ɗaya dafaffe yana da kusan maikirogiram 15. Na gero da dawa kuwa ya danganta da gonar da aka shuka su.

Ina shan ƙwayoyi kala biyu na ƙarin lafiya, duka akwai seleniyam. Kwanan nan gashina yana zuba.

Malam, dakatar da su yau, ka ɗauki kwalaben ka kai wa likita. Zubar gashi, karyewar farce da warin tafarnuwa a baki alhali ba ka ci ta ba, alamu ne na seleniyam ya yi yawa. Hukumomin Amurka sun sa iyaka a maikirogiram 400 a rana, na Turai kuma sun rage zuwa 255 a 2023. Duba bayan kowace kwalba ka tara adadin.