'Yar goggonka da takardar aiki

Likita, saƙonka ya iso. Da ƙaninka ya karanta min na yi dariya, daga baya kuma jikina ya yi sanyi. Wai za ka ɗauki 'yar goggonka aiki a asibitin haƙorin da ka buɗe, ta riƙa rubuta sunayen marasa lafiya tana wanke kayan aiki, amma kunya ta hana ka miƙa mata takarda ta sa hannu, kada a ce ka mai da jininka bare. Har kana tambaya ko al'adarmu ta san wannan, kuma in ta yi laifi yaya za ka yi da ita.

Wa ya gaya muku mutanen da ba sa ƙulla magana? Ni a Kantin Kwari na tashi, yaron shagon wani Alhaji, Allah ya jiƙansa, tun ana lissafi da fam da sule, kafin naira ta shigo a 1973. Ranar da ya sallami babban yaronsa, wanda kuma ɗan wansa ne, har yau ba ta fita raina ba. Bayan la'asar ya sa aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar shago, aka kira maƙwabta da limamin layin. Ya jawo wani littafi daga ƙarƙashin buzunsa, duk ajami, bangonsa ya yi baƙi don shan hannu. Ya shiga karantowa: alkawarin da ya yi wa uban yaron ranar da aka kawo shi, abin da yaron ya ranta lokacin aurensa, har kuɗin wata atamfa da ruwan sama ya ɓata a hannunsa, ya ce wannan ya yafe. Ni aka sa ɗebo turamen jarin, ina direwa liman yana ƙirgawa. Ƙaton mutum da gemunsa ya durƙusa yana kuka. Aka shafa fatiha, aka raba goro. Alhaji kan ce, "Ido wa ka raina? Wanda nake gani kullum." Shi ya sa na gida ya fi kowa buƙatar shaidu a wurinsa.

Ku kuwa kun watsar da shaidu, kuna kuma jin nauyin takarda. Komai sai a waya, a ce "ta zo kawai, za mu daidaita." Ran da aka saɓa, iyaye mata ne ke daina gaisawa.

Da na koma ofishin ma'aikata na wata masaƙa a Bompai, na tarar dokar ƙwadago ma abin da take nema ke nan. Kafin wata 3 ya cika sai ma'aikaci ya karɓi takardar da ta faɗi aikinsa, albashinsa, lokacin shiga da tashi. Ya cika shekara, yana da hutun aƙalla kwana 6 da albashinsa. Mace kuma tana da mako 12 na haihuwa, yarinyar nan ga aure na zuwa. Abin da ya fi damuna ma, da jinin mutane za ta yi aiki. Ka sa a yi mata allurar rigakafin ciwon hanta tun kafin ta fara, kada safar hannu ta yanke mata, ka kuma rubuta wanda zai ɗauki nauyin magani in allura ta soke ta.

Maganar laifi da kora kuwa, ba ta saƙo ba ce. Ka zo gida ranar Juma'a bayan masallaci, zan aika goggon taka ma ta zo.