Me ya sa tazarar mai kuɗi da talaka ke ƙara faɗi a Kano?

Malam, ka tambaya me ya sa Kano ke da attajirai da yawa amma talauci na ƙaruwa, kuma mene ne mafita. A ganina babban dalili shi ne mutuwar masana'antu. Da can masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa na ɗaukar dubban ma'aikata, leburan masaƙa ma yana ciyar da gidansa da albashi. Daga tsarin gyaran tattalin arziki na SAP da gwamnati ta kawo a 1986, sai rashin wutar lantarki da kwararowar atamfar China suka durƙusar da yawancinsu. Yau a Kantin Kwari mai shigo da kaya shi ke kwasar riba, yaron shago kuwa kuɗin abinci kawai yake samu. Cire tallafin mai a 2023 ya ƙara dagula lamarin, domin mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 bai shafi ɗan dako ko mai tura baro ba.

Rabon shinkafa kam ba magani ba ne, kwana nawa take yi? A gyara wuta tukuna, a gyara makarantun gwamnati, a ƙarfafa noman rani a Kadawa. Zakka kuma a riƙa bayar da ita a matsayin jari mai kauri, maimakon a raba ta kaɗan-kaɗan a ƙofar gida.