Ɗan Fari, Auta da Sabon Shiga: Kalmomin Aiki da XML

Wani ɗalibi mai koyon rubuta manhaja ya aiko da tambaya. Yana rubuta darasi da Hausa kan yadda ake umartar kwamfuta ta shigar da sabon abu cikin fayil ɗin XML (tsarin rubuta bayanai tsakanin alamomi masu buɗewa da rufewa) a daidai wurinsa, sai kalmomi uku suka sha masa kai: ƙara, saka da cusa. Wacce zai ɗauka?

Malam, duk ukun suna da wurinsu, sai dai ba aiki ɗaya suke yi ba. Amma bari mu fara da siffar fayil ɗin. Tun da ƙungiyar W3C, mai tsara ƙa'idojin yanar gizo, ta fitar da ƙa'idar XML a 1998, tsarinsa na dangi ne: tushe ɗaya tak a sama, duk sauran abubuwa 'ya'ya ne da jikoki. A nan Hausa ta fi ƙarfin aikin. Abin da ƙa'idar DOM (hanyar da manhaja ke bi ta karanta fayil ta kuma sauya shi) ke kira firstChild, mu muna da sunansa tuntuni, ɗan fari. Na ƙarshe kuwa auta. Turanci kalma ɗaya yake da ita ga waɗanda suka haɗa uwa, wato sibling, sai ya jingina mata wata kafin a san wa ke gaba. Mu kuwa da ka ce wa ko ƙane, ka riga ka faɗi jeri. Ni dai uwa nake cewa ga abin da ke ɗauke da wasu a cikinsa, ba mahaifi ba, don ɗaukar ciki aikin uwa ne.

To, ƙara. Wanda ya ƙara abu, a kan abin da ke nan ya ɗora, bai taɓa jerin ba. Haka umarnin appendChild yake yi: sabon shiga ya zama auta, tsohon auta ya sami ƙane. Idan kana da littafi mai 'ya'ya uku, wato suna, marubuci da shekara, ka ƙara mawallafi ta wannan hanya, bayan shekara zai faɗa ko kana so ko ba ka so.

Saka ita ce ta zaɓen wuri. Umarnin insertBefore abu biyu yake nema: sabon shiga, da wanda zai zame masa ƙane. Kuma ga uwar ake ba da umarnin, ba ga ɗan ba, wurin da masu koyo suka fi tuntuɓe ke nan. Ka ce mata ta saka mawallafi gaban shekara, shi ke nan ya zauna tsakanin marubuci da shekara. Idan ka sa null, wato babu kowa, a gurbin ƙanen, sai ta mayar da shi auta. A ElementTree, kayan aikin XML na harshen manhaja Python, lamba ake bayarwa, kuma daga sifili ake ƙirga, wato ɗan fari shi ne 0. Ban cika son dogaro da lamba ba, don ranar da wani ya ƙara abu a sama, lissafinka ya rushe. Gara ka nemo ƙanen da sunansa ta hanyar XPath, wato harshen neman abu cikin fayil ɗin XML. Abu ɗaya kuma: a DOM, sarari da sabon layi da ke tsakanin alamomi su ma ana iya lissafa su cikin 'ya'ya, sai ka nemi ɗan fari a miƙo maka fanko.

Cusa kuwa akwai ƙarfi da rashin dacewa a cikinta. Ba a cusa abu inda aka yi masa wuri. Ita zan ba wanda ya ɗauki fayil a matsayin rubutu zalla, ya laluba inda wata alama ta rufe, ya tura nasa. Yau ya yi aiki, gobe alamar ta fito sau biyu ko cikin sharhi, fayil ya lalace.

Wata malama kuma ta tambaya: tunda fayil yana buɗewa lafiya, me ya dame mu da jeri? Malama, XML kansa ba ya hana ki sa mawallafi a ƙarshe. Amma idan akwai kundin ƙa'ida irin XML Schema da ya ce ga jerin da za a bi, manhajar da ke tantancewa za ta ƙi fayil ɗin baki ɗaya, ko da kowace alama ta buɗe ta rufe daidai.

Ta kuma nemi ma'anar "kama da wane ba wane ba ne", ko ya shiga nan. Ana faɗinsa ne idan kamanni ya ruɗi mutum ya ɗauki wani a madadin wani. Ya shiga sarai. Abubuwa biyu na iya cin suna ɗaya a fayil amma gidajen sunansu daban, wato kowanne da adireshin da aka ɗaura masa ta xmlns. Wanda ya nemi shekara bai faɗi gidanta ba, XPath zai dawo masa hannu rabbana alhali ga ta nan yana kallo.