Tambaya da Amsa: Me Ya Hana Bulgeriyawa Cin Kustantiniya?

Tambaya: Malam, na ji cewa Bulgeriyawa sun sha fatattakar Rumawan Gabas a fagen fama. To, me ya hana su kame babban birninsu? Daga wani ɗalibi, Tudun Wada, Kaduna.

Amsa: Ɗana, abin da ka ji gaskiya ne. A shekarar 811 Kurum, Sarkin Bulgeriyawa, ya ritsa rundunar Sarkin Rum Nikiforos a wani ƙuntataccen mashigin duwatsu, ya kashe shi, har marubutan zamanin suka ruwaito cewa ya sa an dalaye ƙoƙon kansa da azurfa yana shan giya da shi. Amma cin yaƙi a fili daban, fasa birni daban. Kustantiniya, babban birnin nasu (Istanbul ta yau), tana da ganuwa biyu a jere da gwalalo a gabansu, waɗanda aka gina tun ƙarni na 5, kuma duk wanda ya taɓa duban ragowar ganuwar Zazzau ya san cewa doki ba ya tsallake irin wannan. Kurum ya yi sansani a gindin ganuwar Kustantiniya a 813, ya koma ya kame Adiriyanobul, wani birnin Rumawa, da yunwa, sannan ya mutu a 814 yana tanadin injinan jifa da duwatsu.

A ganina babbar matsalar Bulgeriyawa ita ce ruwa, domin teku ya kewaye birnin ta ɓangare uku, su kuwa ba su da jiragen yaƙi da za su tare hanyar abinci. Shi ya sa sarkinsu Simiyon, bayan nasararsa a kan Rumawa a 917, ya aika neman jirage wurin Faɗimiyawa, masu mulki a Arewacin Afirka a lokacin, sai Rumawa suka cafke manzannin a kan hanyarsu ta komawa.